Hannun Hanifa da Kaskon Kaka

Talata 22 ga Oktoba, bayan la'asar

Tun ranar Lahadi ban sa komai a statun waya ba, har mutane sun fara kirana wai ko salulata ce ta faɗa ruwa. Ba ta faɗa ba. Bakina ne ya cika da magana, kuma ba irin wadda ake sawa a statu ba ce, shi ya sa zan riƙa zuba ta nan inda ba mai gani.

Hanifa ta ƙone a hannu. Hannun dama. Ɗiyar yayata ce, Ya Fati, ba ta cika shekara ba tukuna amma rarrafe take kamar an sa mata inji. Tun da ruwan Komadugu ya shiga garinsu suka dawo gidanmu nan Diffa, ita da uwarta. Babanta Goni ya tsaya can bisa tudu yana gadin injin ban ruwa da ɗan tattasan da ruwa ya bar masa.

Ranar Lahadi da hantsi mata suka zo yi wa Ya Fati jaje. Kaka Yakaka ta fito musu da kasko har uku, don a gidanmu baƙuwa ba ta fita sai lafayarta ta sha hayaƙi. Turaren wuta shi ne sana'ar Kaka, ni kuma nake sayar mata ta waya. Baƙi suka tafi, aka ture kaskon can gindin bango. Ba hayaƙi, ba ja, toka ce fara tas. Bayan azahar muka ji kukan.

Ba zan yi maganar kukan ba.

Maƙwabciyarmu Ya Kolo ce ta fara isowa, ta shafa mata man goge baki. A gidan likita Madam Nazifa mai wankin ciwo ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta tambaya wa ya ce mana hannun yarinya haƙori ne. Sai da ta wanke shi duka, kuma wankewar ta fi komai zafi. Ta ce da ruwan famfo kawai muka yi ta zuba mata, mu daɗe muna zubawa, ba ƙanƙara ba, ba mai ba, ba ƙwai ba, da ya fi. Tafin hannun ya taɓu, da yatsu uku. Sannan ta faɗi abin da ya zauna mini a ƙirji: in yatsun suka warke a dunƙule, a dunƙule za su zauna, sai dai a kai ta Damagaram a yi aiki.

Amma alhamdulillahi tana shan nono, tana dariya. Lafiya lau.

Laraba 23, da safe

Abin da mutanen waje ba za su gane ba, Kaka ba ta zuba turare bisa jan garwashi. Ta ce wannan aikin masu gaggawa ne, turaren ƙonewa yake ya yi ɗaci. Ita sai ta lulluɓe garwashin da toka a hankali da ɗan cokalinta, zafin ya riƙa hawa kaɗan-kaɗan. Kaskon wasu kafin baƙuwa ta gama gaisuwa ya mutu. Na Kaka daga hantsi har la'asar yana raye a ciki, ko da turaren ya ƙare. Duk kartiyenmu, unguwar nan kaf, an san ta da wannan, ita ma tana ji da shi.

Kwashe kasko bayan baƙi aikina ne. Kowa a gidan nan ya sani. Ba wanda ya faɗa.

Ranar nan wata mata daga Maine ta dame ni da vokal, saƙon murya, a kan humra, shi ke nan.

Kaka ba ta hura wuta ba tun ranar. Yau na tashi na ji gidanmu yana warin abin da ban taɓa ji ba: kifin Baba Kalli ƙanen kakanmu, tattasai, fitsarin yara, da takalmi. Ashe haka gidanmu yake tun da, turare ne yake rufa mana asiri. Na faɗa wa Ya Fati, ta yi dariya har ta riƙe ciki, karo na farko tun Lahadi.

Alhamis 24, azahar

Wankin ciwo. Na tsaya a waje na toshe kunne.

Asabar 26, da yamma

Yau na yi abin kunya kuma na ji daɗinsa.

Madam Nazifa ce ta ja. Ranar Alhamis da muke fita ta ce da ni, ke mai waya, in kina son sanin abin da yarinya take gani a gidanku, ki sauka ƙasa ki yi rarrafe kamar ita. Na ɗauka wasa take. Yau da safe na ɗaure zane da kyau, na durƙusa daga bakin ɗakin Kaka na kama hanya.

Wallahi wani gida ne daban a ƙasa. Ƙarƙashin gadon Kaka na tarar da allura, da maɓalli, da wata ƙwayar magani da ta faɗi tun ban san yaushe ba. Wayar sharjona, abin cajin salula, tana reto daidai bakin Hanifa, kuma a jone take. A tsakar gida bokitin wanki cike da ruwa ba murfi, tsayinsa daidai ta dafa ta leƙa ta kifa ciki. Bayan randa kuwa ga kwalbar lemo, har da takardarta mai hoton lemo, cike da maganin ƙwarin tattasai da Goni ya ba Ya Fati ta ajiye masa kada ruwa ya tafi da shi. Kusa da ita wata da fetur na inji. Ni da kaina da ƙishirwa na iya ɗauka.

Ina cikin haka na waiga, sai ga yaran Ya Kolo sun jeru a bayana suna rarrafe, Hanifa a ƙarshe da hannu ɗaya a sama kamar mai ɗaga tuta. Baba Kalli, ƙanen marigayi kakanmu, yana zaune bakin zaure, ya ce ya yi shekaru yana su a Baroua bai taɓa ganin kada da 'ya'yanta sun shigo gari da rana ba sai yau. Na ce Baba kada ba ta da kyauna. Ya ce shi ma abin da ya ba shi mamaki ke nan.

Kwalaben mun kai su ɗakin ajiya an sa kwaɗo, makullin yana wuyan Ya Fati. Bokiti kife. Wuƙaƙe bisa katanga. Sharjo na buga masa ƙusa can sama, yanzu in zan duba saƙo sai na miƙe tsaye, ƙafata har ta fara ciwo.

Kaka tana kallonmu daga tabarma. Da na zo wajen kaskonta guda uku da ke jere a gindin bango, wankakku, sai na kewaye su.

Lahadi 27, da hantsi

Ya Fati ba ta gaya wa Goni ba. Ta ce mutumin da yake kwana bisa tudu da ruwa kewaye da shi ba ya buƙatar ƙarin abin tunani. Duk vokal da take tura masa, lafiya lau, lafiya lau. Ni ma in ya kira ni, lafiya lau.

Yau rezon waya ya yi kyau can wajensu, Goni ya kira da bidiyo wai yana son ganin ɗiyarsa. Muka yi shiri kamar masu shigo da kaya ta bayan duwan, masu tare kaya a kan iyaka. Na riƙe waya, Ya Fati ta ɗora Hanifa a cinya ta lulluɓe gefen dama da lafaya. Ana gaisawa, ana ruwa ya ja ko bai ja ba, sai Hanifa ta ji muryar babanta. Ta fizgo hannun daga cikin lafaya, fari ƙal da bandeji kamar ƙullin tuwo, ta yi ta kaɗa masa shi tana ba-ba-ba.

Shiru. Na ɗauka rezon ne ya ɗauke. Bai ɗauke ba, fuskarsa tana motsi.

Ya Fati ta faɗa masa duka, har da maganar Damagaram. Bai tambayi wa ya bar kaskon ba. Na jira ya tambaya, bai tambaya ba. Ya ce tana ci? Aka ce tana ci. Ya ce to a gaida Kaka, a ce mata ya gode da riƙon iyalinsa. Kaka tana jin sa daga inda take, ta tashi ta shiga ɗaki.

Bayan an kashe Ya Fati ta ɗan ja kunnen Hanifa ta ce, munafuka, ke da babanki. Muka yi ta dariya, hawaye na zuba.

Talata 29, bayan azahar

Ya Kolo ta zo da gashin zomo a ƙulle cikin leda. Ta ce da shi aka warkar da ƙunar ɗanta na fari, a kwance wannan tsumman na likita a barbaɗa, kwana kaɗan ya bushe. Na ɗauka za ta yarda, don Kaka da Ya Kolo ba a shiga tsakaninsu, kuma Kaka ba ta taɓa yarda da likita ba, ko ciwon ƙafarta da kanta take dafa magani.

Kaka ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta tambayi lafiyar zomon ma. Ta ce za a duba. Ya Kolo na fita ta ɗaga gefen tabarma ta tura ledar ƙasa ta zauna a kai.

Ta ga ina kallonta. Ta ce, Bushra, ba ki da aiki ne?

Ya Kolo ta fita ba turare a lafayarta. Na ga ta ɗan tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran wani abu, sannan ta wuce.

Alhamis 31, da yamma

Yau na shiga ciki. Na ga hannun. Ja ne, sabuwar fata kamar ta ɗan tsako, amma Madam Nazifa ta ce kyakkyawa ce, ba ruwa, ba wari. Ta naɗe kowane yatsa shi kaɗai don kada su manne da juna.

Sai ta ce yanzu aikin ya dawo gida. Kullum, safe da rana da yamma, a kama yatsun nan uku a miƙar da su a hankali, a riƙe, a saki, a sake. Za ta yi kuka. Ta ce in ba ta yi kuka ba ma to ba a yi daidai ba. Fatar ƙuna in tana warkewa jan kanta take yi, in aka bar ta sai ta ja yatsun zuwa cikin tafi.

Da la'asar Ya Fati ta gwada. Hanifa ta kalle ta da idon nan na wai ke ma, Ya Fati ta saki ta juya baya. Na ce kawo ni, ai na kalli bidiyo biyu a kan haka. Na kama yatsa ɗaya, ta buɗe baki tun kafin kukan ya fito, sai na saki. Ban iya ba.

Yau ba a miƙar ba.

Juma'a 1 ga Nuwamba, da safe

Yau ma. Mun gwada, mun bari. Yatsun a lanƙwashe suke kamar tana ɓoye wani abu.

Juma'a dai, bayan masallaci

Kaka ta yi.

Tun ranar ƙunar nan ba ta ɗauki Hanifa ba, ko kallon hannun ba ta yi. Muna zaune ni da Ya Fati muna tura wa juna, ke gwada, a'a ke gwada, sai Kaka ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta zo ta zauna ta miƙe ƙafafu. Ta ce ku ba ni ita, ku tafi ku nemi abin yi, ku biyu ba ku kai mace ɗaya ba.

Ba mu tafi ba, mun laɓe bayan labule. Ta kwantar da ita a cinya, ta kama yatsun da hannun nan nata da ya saba murza turare, tana miƙarwa tana ƙirga mata da Barbarci, tilo, indi, yasku, tana yi mata faɗa a hankali wai ke da za ki ɗauki tulu, ki yi kitso, ki mari miji in ya yi rashin kunya, da wane hannu za ki yi. Hanifa ta yi kuka har unguwa ta ji. Fuskar Kaka ko motsi. Da ta gama ta goya ta, ta yi ta zagaya tsakar gida da ita da ciwon ƙafar nan nata har ta yi barci.

Da na kawo mata ruwa na ga kofin yana rawa a hannunta. Ta ce sanyi ne. Rana kuwa ta raba tsaka.

Litinin 4, da hantsi

Baba Kalli ya samu aiki! Tun da suka baro Baroua shekarun baya bai sake jefa taru ba, zaman zaure kawai da rediyo. To kwana biyun nan ya ɓace bayan gida yana ƙwanƙwasa, yau ya fito da wani abu kamar gurar kama kifi, amma ta waya, mai faɗin gindi, ya ɗaure mata ƙarfe mai nauyi a ƙasa. Ya ce a kifa ta bisa kasko. Hayaƙi ya fita, hannun yaro ba ya shiga, kuma ba ya iya ture ta. Mace ta tsaya a kai da lafayarta yadda aka saba.

Don ni da farko na ce a riƙa ɗora kasko bisa tebur, Ya Fati ta ce to baƙuwar ma tebur ɗin za ta hau? Hayaƙi daga ƙasa yake shiga tufafi, kowa ya sani.

Muka gwada da kasko marar wuta. Muka sa Hanifa a gaba. Ta zagaya, ta tura, ta ciza, ta zauna ta yi fushi. Baba Kalli ya yi ta washe baki kamar ya kamo giwan ruwa.

Kaka ta zo ta sunkuya ta shinshina. Ta ce Kalli, wannan ragar ta bandar kifi ce. Ya ce ya wanke ta. Ta ce ko shekara ya yi yana wankewa, duk matar da ta tsaya a kan wannan za ta koma gida kyanwoyin Diffa na bin ta. Ya ce ai gara kyanwa ta bi mace da a ce ba mai bin ta. Ta ce shi ya sa har ya tsufa ba wadda ta bi shi. Haka suke tun ina ƙarama.

Ya tafi kasuwa neman sabuwar waya. Na ce Kaka in ya gama sabuwar sai mu hura mu gani ko? Ta ce ba ta da garwashi. Buhun gawayi kuwa ga shi nan a cike.

Laraba 6, da yamma

Madam Nazifa ba ta yi wasa ba yau. Ta daɗe tana juya hannun. Biyu sun saki. Na tsakiya ya ƙi, fatar gindinsa ta yi tauri kamar igiya. Ta ce a ƙara yawan miƙarwa, ta sa masa ɗan katako ta ɗaure don ya kwana a miƙe. Ta ce mu ga mako mai zuwa, in bai saki ba za ta rubuta mana takardar Damagaram.

A hanyar dawowa, da za mu tsallaka gudiro na riƙe lafayar Ya Fati kamar ƙaramar yarinya har motocin suka wuce.

Lafiya lau dai. Biyu sun saki.

Asabar 9, azahar

Masu saye sun dame ni. Wata amarya daga Nguigmi tana son turaren ɗaki da na kaya, na ce Kaka ba ta jin daɗi. Ba ƙarya na yi ba.

Sabuwar gurar Baba Kalli ta fito, ba warin kifi, har ya yi mata ɗan mariƙi a sama. Ya Kolo ta gani ta ce a yi mata, don jikanta ya fara jan ciki. Ta ɗauki hoto ta tura gurup ɗin matan kartiye, kafin la'asar mata huɗu sun aiko. Yanzu Baba Kalli in ka gaishe shi sai ya ce yana da komand, aikin masu saye na jiransa, a yi magana da sauri. A gurup ɗin wata ta ce ita ma ɗanta ya taɓa taka kasko, wata ta ce ƙanwarta har yau da tabo a gwiwa, wata ta ce ita da kanta. Ashe kowane gida da nasa, ba a dai faɗa.

Na yi vokal na ce musu ruwan famfo, ba man goge baki ba. Ya Kolo ta amsa da cewa ai ita ma ta sani, ruɗewa ce. Na tura mata zuciya uku.

Kaka kuwa yanzu har da bayan isha'i tana miƙarwa. Hanifa in ta ga Kaka ta nufi sabulu sai ta kama rarrafe ta gudu bayan randa. Amma in an gama, bayan Kaka kawai take yarda ta hau.

Talata 12, bayan la'asar

An cire bandeji gaba ɗaya.

Madam Nazifa ta kama yatsan tsakiya ta miƙar, ya miƙe. Ta saki, ta sake, ya miƙe. Ta tambaya wa yake yi mata a gida, muka ce kakarmu. Ta ce a gaya wa tsohuwa in tana neman aiki akwai wuri.

Har na fara murna sai ta miƙa wa Hanifa biro. Ta karɓa da hagu. Madam ta karɓe ta miƙa ta gefen dama, Hanifa ta juyo da jikinta duka ta karɓa da hagu. Na dama yana dunƙule, manne a ƙirjinta. Madam ta ce yatsun suna buɗewa in an buɗe su, amma sai ita da kanta ta buɗe ta yi aiki da su, in ba haka ba za su koma. Ta ce ba ta rubuta takardar ba, ba ta kuma yaga ta ba. Mu dawo Litinin.

Laraba 13, da safe

Cokali: hagu. Makulli: hagu. Murfin tukunya: hagu. Har salulata na ba ta, wadda ba na ba kowa. Hagu.

Alhamis 14, da yamma

Duk gidan mun zama mahaukata. Kowa ya wuce sai ya miƙa mata wani abu ta dama. Yaran Ya Kolo sun yi layi suna tafi a gabanta ko za ta kwaikwaya, ita kuwa tana dukan cinyarta da hagu tana jin daɗi, ta ɗauka biki ake mata. Ya Fati ta riƙe mata hagun, ta yi ihu har muka ji tsoro, aka saki.

Goni ya kira, ruwa ya fara ja, ya ce in an ce Damagaram zai bar injin wajen ƙaninsa ya taho. Ya Fati ta ce masa ba a ce ba tukuna.

Kaka ta ce mu ƙyale yarinya, mun ishe ta. Ita ma dai na gan ta tana miƙa mata carbi ta dama da ta ɗauka ba mai kallo.

Juma'a 15, bayan la'asar

Bari in rubuta a hankali.

Da azahar Baba Kalli ya dawo daga masallaci da bandar kifi, ya ce na farkon kuɗin da gurarsa ta kawo ne, yau shi zai ciyar da gida. Ya Fati ta yi miya, muka zauna tsakar gida gaba ɗaya. Ta cire wa Hanifa ƙaya tas daga wani yanki ta ba ta. Ta karɓa da hagu, ta cusa a baki, tana tsotsa, ta ƙi saki.

Ya Fati ta gyara wani yankin, babba, ta ajiye a gefen kwano don Kaka. Hanifa ta gan shi. Ta dubi na hannunta. Ta dubi na kwano. Ta matso da gindi. Ta kai hagun, ta ga in ta ɗauka sai ta saki wanda take riƙe. Ta tsaya tana tunani kamar 'yar kasuwa.

Baba Kalli lomarsa tana tsakanin kwano da baki.

Sai hannun nan ya bar ƙirjinta. Ya buɗe, yatsu biyar, na tsakiyan ma, ta dafe kifin Kaka da tafinta duka ta damƙe, miya na bin gwiwar hannunta. Ta ɗaga su biyu tana kallonmu wai ko akwai mai magana.

Ya Fati ta rufe fuska da lafaya. Ni ban san me na yi ba, sun ce tsalle na yi na taka kwanon ruwa. Baba Kalli ya ce duk likitocin duniya a gefe, yarinya jinin masunta ce, kifi ya kira ta.

Kaka ta ce, "Ɓarauniya. Rabona ne fa."

Ta sa hannu kamar za ta ƙwace, Hanifa ta ƙara damƙewa ta ja baya. Kaka ta ja, ta ja. Sai Kaka ta saki, ta zauna tana kallon yatsun nan masu maiƙo, ta daɗe.

Da aka kwashe kwanuka ta ce, Bushra, ɗebo mini garwashi.

Na kawo. Ta lulluɓe shi da toka da ɗan cokalinta yadda ta saba, ta zuba na sandal, mai tsadar, wanda take ɓoye wa amare. Da hannunta ta ɗauko gurar Baba Kalli ta kifa, ta girgiza ta ta ji ko tana motsi, ba ta ce ta yi kyau ba. Ta aika a kira Ya Kolo, ta ce tana bin gidan nan hayaƙi. Ya Kolo ta tsaya a kai har ta yi tari. Ya Fati ta tsaya, na tsaya. Baba Kalli ma ya miƙo hularsa.

Da aka gama na tashi zan kwashe. Kaka ta ce in zauna. Ta ɗauki buta, ta ɗaga gurar, ta tsaya tana kallon tokar nan fara kamar ba komai a cikinta. Sannan ta tuttula ruwa. Ya yi cuuu, tururi ya tashi har fuskarta.

Ta ce, "Wannan da har magariba zai kai."

Ta ƙara masa ruwa.